Laraba a Leicester

Shekara sha tara ina tuƙa bas a garin nan,
yau maɓallin riga ke kayar da ni.

Hannun dama ya yi yaji.
Da hagu nake cin tuwo,
ina neman afuwar Inna a kabarinta.

Ran Laraba Tabawa kan tura kekena zuwa laburaren unguwa.
Mu bakwai, kowa da rabin da aka bar masa.
Dennis kalma ɗaya ta tsira a bakinsa: shayi.
Da ita yake gaisuwa, da ita yake zagi.

Jiya na kira 'yata "cokali".
Ta amsa.
Muka yi ta dariya har ruwa ya ɗauke,
sannan na fuskanci bango
na yi kukana.