Takardar Siminti

Ni mai gyaran inji ne a Mai Wurno,
injinan da ke jan ruwan Nilu zuwa gonakin albasa.
Baƙin mai ya zauna mini har ƙarƙashin farce,
sabulu ya gaji da ni, ni ma na ƙyale shi.
Bayan lisha, in Mardiyya ta kwashe kwanon kisra,
sai in jawo fitila, in jawo takardar siminti
wadda na tsinta, na kakkaɓe, na ɗinke da zare.
A kanta nake zuba ajami.

Farkon abin, wani inji ne ya ƙi tashi tun hantsi.
Na kwance, na haɗa, na sake kwancewa,
sai da la'asar ya yi tari uku ya kama,
ruwa ya taho yana tura busasshiyar ciyawa gabansa.
Na yi hamdala, baki ya faɗa,
amma ƙirji bai gama saukewa ba.
Ragowar ce na kai gida na rubuta.

Bara Nuraini, ɗan ƙanwata, ya zo daga Madani,
ya buɗe, ya karanta, ya dafe kai:
"Kawu, wannan dukiya ka bar wa gara?
Mu kai Omdurman a buga, a sa hotonka a bango."
Na yi dariya, na ce kifin da ake ɗagawa sama a kasuwa
ai ya riga ya rabu da ruwa.

Amma kada in yi wa kaina ƙarya.
Daren nan ban yi barci ba, ina jin tafi a kunne.
Na tashi na ƙera baitin da zai girgiza manya,
ya fito kamar rigar aro, wuya ya yi yawa, hannu ya gaza.
Da safe Mardiyya ta hura wuta da shi,
shayin kuwa ya yi daɗi.

Masu saurarona ba su cika tabarma ba.
Ita, mai cewa "wannan kalma ta yi tsami, sauya ta,"
sai Baba Ja'e, makwabcina da ido ya tafi ya bari,
kullum ta jakinsa da ya mutu yake so a maimaita,
yana gyaɗa kai, yana share fuska da gefen rawani.
Sai kuma Wanda ya san baitin
tun alƙalami bai sha tawada ba,
Shi ba a burge Shi, sai dai a gode Masa.

Gara ta ci uku cikin waɗanda na fi so,
akuya ta tauna ɗaya, har da zaren.
Na ji zafi kwana biyu, daga nan ya wuce,
don daɗin na riga na sha shi lokacin rubutu,
ladan, in akwai, yana inda gara ba ta kaiwa.

Ya Rabbi, in ya zama alheri Ka karɓa,
in surutu ne Ka yafe wa mai gyaran inji.
Fitila na neman kalanzir, ni ma ido ya yi nauyi,
gobe da sassafe injin Tajuddini na jirana a bakin kogi,
ya ce tun shekaranjiya yake shan iska.