Tambaya Ta Shida

Malama Adebisi ta ce kowa ya nemo masani,
ba kawu ba, ba maƙwabci ba,
mai suna da jelar haruffa a baya.
Aikin gama aji shida ne, babu shi babu sakamako.
Ni tumatir na zaɓa,
don shi ke biyan kuɗin makarantata.

Na zauna bakin shagon caji a Mail Sha Biyu,
janareto na tari, danfo na haushi,
na ɗauko Turancina na zuwa biki
na soma rubuta wa Dakta Morenike imel.
Sau uku ina goge gaisuwa.
A ina ake durƙusawa cikin waya?
Yaya ake cire takalmi a ƙofar da ba a gani?

Tambaya shida na jera mata.
Me ya sa tirela ke baro Kadawa da jan kaya
ta iso Legas tana zubar da hawaye?
Rana ce, ko ramukan hanya, ko shingen masu karɓar na goro?
Na danna. Ta tafi ba ko ƙura.

Kwana tara ina leƙen akwatin saƙo
kamar mai gadin tukunyar da ta ƙi tafasa.
Data ta ƙare, na ranci ta Yaya Saude.
Na ce ƙila manya ba sa amsa wa 'yar kasuwa.

Daren Laraba waya ta yi ƙara.
"Ramlatu, yi haƙuri, daga kan gada nake rubutu,
gosulo ya riƙe ni, shi ya ba ki lokacina."
Ta ce zafi ne, ta ce nauyi ne,
na ƙasa ke ɗaukar alhakin na sama.
Ta ce tumatir yana numfashi ko bayan an tsinke shi.
Na karanta wannan layin har sau biyar,
na tuna kwanduna ɗari a ƙarƙashin tamfol
suna haki tun daga Jebba.

Ta shida kuwa, yadda ake gane kwandon da zai kwana,
ta ce, "Wannan ban sani ba.
Na'urata sai ta huda fata take magana.
Kin ce babanki dillali ne.
Tambaye shi, ki rubuto mini."

Da asuba na bi Baba cikin laka,
takalmin roba, biro a bayan kunne.
Shekara goma sha bakwai ina cin guminsa
ban taɓa tambayarsa komai ba sai kuɗin mota.
Ya ce, "Dakta ce ta aiko ki wurina?"
Ya gyara hula. Ya sake gyara ta.

"Ba a kallon na sama, 'yan kwalliya ne.
Sa tafinki a gindin kwando.
In kin ji ɗumi, zazzaɓi ya shiga,
sayar da shi kafin azahar ko ya sayar da ke.
In hannu ya yi shakka, dubi ƙuda,
ba ya sauka inda babu labari."
Na sa hannu. Na farko sanyi.
Na biyu kamar goshin jariri mai haƙori.

Na juya maganarsa zuwa Turanci,
rabinta ya zube a hanya kamar kayan tirela.
Duk da haka amsa ta zo kafin magariba:
"Cikakken sunansa, don Allah."

A shafin ƙarshe, wurin madogara,
na rubuta suna biyu.
Malama ta kewaye na biyun da jan biro:
Ɗan'azumi Garba Kura, wace jami'a?
Na rubuta a ƙasa, da ƙananan haruffa:
layin 'yan tumatir, rumfa ta huɗu daga famfo,
kullum, in ban da ranar Sallah.