Hagu, Dama, a Gadar Oshodi

Har yau ƙarfe huɗu na asuba nake farkawa,
ba begila, ba usur,
sai gurnanin tirelolin da suka kwana a layin Apapa
da sauron da ya riga ya karɓi rabonsa.
Shekara talatin da ɗaya da fitata daga horo,
amma barcina bai karɓi takardar sallama ba.

Gadin sito nake yi yanzu. Kujerar roba, tocila, kulki.
In ruwan Ikko ya tsuge a kan kwano
sai in ji takalma ɗari biyu suna dukan fili,
da muryar Saje Etim a bayansu
kamar ana jan garwa a kan tsakuwa.

Hausarsa ta bariki ce, ba mace ba namiji:
"Kai, Buhun Gero! Kafa naka biyu duka hagu ne?"
Ya tsinko ganyen darbejiya ya soka min a igiyar takalmi.
"Mai ganye shi ne hagu. Ko akuya ya sani."
Mako uku ina fareti da ganye,
'yan ɗakinmu suna yi min kukan awaki in an kashe fitila.

Akwai Kofur Bawa Dabai, mai shinshina wuyan riga
ya faɗa maka ranar da ka yi wankan ƙarshe.
Akwai Saje Terhemba da ba ya ɗaga murya,
shi muka fi tsoro;
in ya ce maka sannu da aiki, fara tsallen kwaɗo kawai.
Amma Etim ne ya zauna min a ƙashi.
Shi ya sa na yi birgima cikin taɓo saboda maɓalli ɗaya.
Ranar na rantse, bakina cike da laka,
in Allah ya haɗa mu a waje sai na rama.
Gwangwanin shayin da na tsinta a ƙofar gadurum daren nan,
ban san hannun wa ya ajiye ba
sai da Mamuda Gajere ya gaya min, bayan shekaru,
cikin wani rami, a wata ƙasa,
kwana biyu kafin mu rufe shi.

Watan jiya, ran Talata, na fita tantancewar 'yan fansho.
A gindin gadar ƙafa ta Oshodi
ga wani tsoho rungume da ambulan,
yana kallon matakala kamar mai bin ta bashi.
Kwandastocin danfo na ihu, masu ruwan leda na bangazarsa.
Ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye.
Ƙeyar na fara ganewa.
Wata shida na yi ina bin ƙeyar nan a guje.

Na ƙame, na buga ƙafa. Silifas ne, bai yi ƙara ba.
Ya dube ni sama da ƙasa, ido ɗaya na zubar ruwa.
Bai tuna Tanimu ba. Bai tuna lambata ba.
Ya ce, "Buhun Gero."

To, ga rantsuwata, ga matakala.
Na cusa kafaɗa ƙarƙashin hammatarsa.
Bai kai nauyin jakar da ya taɓa ɗora min ba.
Na ce, "Hagu."
Ƙafar ta yi gardama, ta ja, ta hau.
"Dama."
Wata mai tallan burodi ta yi tsaki ta raɓa mu.
Ikko ba ta jiran kowa,
sai dai ta tsage gida biyu kamar ruwan da ya ci karo da dutse.
"Hagu, Saje. Mai ganyen."
Wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ko tari, ko dariya.

A saman gada ya tsaya yana haki.
Ƙarƙashinmu motoci ruwan ɗorawa sun cushe har ƙarshen gani.
Na zaci godiya zai yi, har na fara sunkuyar da kai.
Ya ɗaga hannun da ya rage masa, ya nuna ƙirjina:
"Botin naka guda babu."

Na duba. Da gaskiyarsa.

Daren nan, tocila a baki,
na yi ta neman ramin allura.