Ɗakin Baba Tasalla

Wata bakwai ke nan da kulle ɗakin Baba Tasalla.
Makullin na rataye a ƙusa, bayan kalanda,
kowa ya zo wucewa sai ya sassauta murya.
Muka ce a bar shi yadda ta bar shi.
Ba mu yi shawara da damina ba.

Agusta ta zauna a Gwammaja kamar mai bin bashi,
kwana huɗu ba a ga ƙwayar rana ba.
Kwata ta tumbatsa har bakin zaure,
indararon maƙwabta na zuba a gindin katangarmu,
katanga na sha, tana sha, ba ta magana.

Hancin Kubura ne ya fara kai ƙara.
Ta ce, "Yaya, akwai abin da ke wari a gidan nan,
kamar tuwon da aka manta a langa."
Daren nan autanta ya kwana tari,
ƙirjinsa na kuka kamar ƙyauren da ya rasa mai.

Na murɗa makulli.
Ƙofa ta kumbura, sai da na sa kafaɗa.
Ashe mun yi baƙuwa ba mu sani ba:
baƙi-baƙi a kusurwa kamar hayaƙin aci-balbal,
tsanwa-tsanwa a bayan madubi,
fari mai gashi a kan takalmin fata
wanda ta saya a Kurmi, ta sa sau ɗaya.
Silin ya zana taswirar wata ƙasa
da ba a koya mana a firamare ba.
Ba sallama, ba kuɗin haya.
Funfuna.

Na ce a sayo fenti.
Ilu magini ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa,
ya kasa kunne, ya yi tsaki.
"Fenti a kan danshi, kwalliya ce a kan gyambo.
Kawo tsani, mu ga ta inda ruwa ke sata."
Kwano uku sun huje, ƙusoshi sun ci tsatsa.
Ya sauya biyu, ya liƙe ɗaya da kwalta,
ya gyara wa ruwan maƙwabta hanya,
ya karɓi kuɗinsa da ƙoƙon kunu.

Saura namu.
Muka kora yara gidan Goggo,
muka ɗaure hanci da kallabi, muka zura safar roba,
taga a buɗe, bokiti, buroshi, ruwan bilic.
Na goga har kafaɗata ta yi tsami.
Katifa ba ta cetu ba,
mu biyu muka ɗauke ta zuwa bola,
Kubura na gaba, ba ta waiwaya ba.

A ƙarƙashin gado muka tarar da tasa
cike da tsohon gawayi.
Shekara talatin muna ganin tasar nan,
muna cewa camfin tsofaffi ne.
Sai yau na tuna:
duk safiya takan banke taga, ko da sanyi,
takan ja adaka ta bar tafin hannu tsakaninta da bango,
tana cewa, "Ɗaki ma numfashi yake, ku bar shi ya sha iska."

Ran Juma'a rana ta fito da ƙarfinta.
Muka baje zannuwa a igiya, a katanga, a kan soro,
tsakar gida ta koma Kantin Kwari.
Atamfa ɗaya, mai ruwan goro,
tabon ya ƙi fita, wanki uku.
Kubura ta ninke ta, ta ce tata ce.

Yanzu makullin ban san inda yake ba.
Na zuba sabon gawayi a tasa.
Yaron na barcin rana a ɗakin, kan tabarma,
ƙirjinsa shiru,
labule na shiga, yana fita.