'Yar Haya

Shekara tara muna zaune da baƙuwa a wuyan Eliseo,
kaluluwa ce, ba ta kai ƙwayar wake ba.
Likita a Puerto Montt ta ce sankara ce, amma mai nawa,
irin wadda ake sa wa ido, ba a tsokana.
Muka hau jirgin fito, muka koma tsibiri,
ya ɗauki gizago ya koma sassaƙar kwalekwale,
ni na koma kaɗin ulu.
Har suna muka raɗa mata: 'yar haya.
Ba ta biya, ba ta tashi, ba ta hayaniya.

Ashe lumbu-lumbu ce, wutar ƙaiƙayi.

Bana, bayan an gama haƙar dankali,
na farka tsakar dare, zanin gado sharkaf.
Na ɗaga kai ina zargin rufi,
don ruwan Chiloé ba ya sallama,
amma rufi lafiya lau. Mijina ne ke zuba.
Mako uku, ga ƙwan agwagwa a hammata.
Ya huda sabon rami a bel da ƙusar jirgi,
bai faɗa mini ba. Ranar wanki na gani.

Likita Oyarzún ba ta iya kwana-kwana ba.
Ta haska hoton: jiki duhu, wuri guda na ci bal-bal
kamar fitilar masunta a tsakiyar teku.
Nan za mu yanko, in ji ta. Aka yanko.
Cutar ta rikiɗe.
Dama hawainiya ce, mu tafiyarta kawai muka kalla,
muka manta ɗaya halin.
Cikin ɗari, biyu ko uku take juya wa kowace shekara.
Na ce, to sau tara ke nan muna tsallake rijiya?
Ta ce, kusan haka.

Sai ta ja layi a tsakiyar takarda.
Hagu, abin da ke kansa:
ya ba sittin baya, jini ya yi ƙasa,
wani awo mai harafi uku ya haura inda aka san shi,
kaluluwa ta kafa sansani sama da ƙasa.
Dama, abin da ke gare shi:
ba ta juya da wuri ba,
waɗanda ta juya wa a shekarun farko sun fi shan wuya;
kuma cutar ba ta taɓa ɗanɗana wannan magani ba,
ba ta san makamin ba, balle ta koyi kaucewa.
Zuciya ƙalau. Da ƙafarsa ya hawo bene.

Ina ƙirga layukan, hagu ta fi tsawo.
Shi ko kallo bai yi ba. Ya ce,
kwalekwalen Baldomero saura gefe ɗaya, zan gama?
Ta ajiye biro.
Alƙaluma na taron jama'a ne, ba su san sunanka ba.
A da, da na yi maka shiru. Yanzu ina cewa sayi katako.

Duk kwana ashirin da ɗaya, mashigi, iska, amai.
Jan ruwa na ɗiga cikin jijiya,
fitsari ya yi ja, ya fito yana dariya,
wai an yi masa fenti ta ciki, ba zai yi yoyo ba.
Gashi ya zube a kan matashi,
na saƙa masa hula da ulun baƙar tunkiya.
A fito na huɗu zazzaɓi ya kusa raba mu,
wannan daren ba na son faɗinsa.

Bayan na shida aka sake haskawa.
Teku duhu, babu fitila.
Mai gudun ta kwanta, in ji likita,
amma tsohuwar 'yar haya tana iya riƙe da mabuɗi.
Ku dawo bayan wata uku.

Mai rabon ganin baɗi, sai ya gani.
Jiya ya buga katako biyu, ya zauna yana haki,
Baldomero ya daina tambaya, sai dai ya kawo kifi.

Da dare nakan yi kamar ina gyara bargo,
in bi wuyansa da yatsa, sannu, har ƙarƙashin kunne.
Shi kuma ya yi kamar barci yake,
sai dai numfashinsa na tsayawa
har in ɗauke hannu.