Kilomita Hamsin

Shagona na sayar da tikiti ne, a Amritsar,
bene na biyu, saman mai suyar jalebi.
Da hantsi ta hau matakalar,
tana hutawa bayan kowane taki uku.
Satwant Kaur, in ji takardunta,
shekara tamanin da 'yan kai.

Ta ce, ɗana, daga nan zuwa Lahore
nawa ne nisan ta sama?

Na ce, Iya, in tsuntsu ne mai tafiyar,
hamsin ne kilomitocin, ko da ɗan ɗori.
Tantabara za ta karya a gidanki
ta sha ruwan rana a can.
Amma jirgi ba tsuntsu ba ne,
jirgi sai da izini yake fiffike.

Na juya mata fuskar kwamfuta.
Sai kin yi yamma har Dubai,
kin kwana zaune a kujerar ƙarfe,
sannan ki juyo gabas.
Kusan dubu huɗu, zuwa kaɗai,
don a kai ki inda hayaƙin girkinsu
yake shigo mana idan iska ta juya.

Ba ta yi mamaki ba.
Ta kwance bakin gyalenta,
ta ɗora wani ƙaramin turmin tagulla kan teburina,
bakinsa ya lotsa, gindinsa ya yi kore.

Uwata ta aro shi, in ji ta,
wurin Barkat Bibi, ƙofa biyu da tamu,
za ta daka citta, ta mayar da yamma.
Yammar ce ba ta zo ba.
Da dare muka fito, ina da shekara shida,
an ɗaure shi cikin zani bisa kuskure
tare da takalmin ƙanena.
Har ta mutu tana cewa, ba namu ba ne.

Na ce, ai Barkat Bibi ta daɗe da kwanta dama.

Ta ce, jikarta Nighat tana nan.
Jikana ya samo ta a waya.
Bashi hanji ne, ɗana.

Na lissafa mata kuɗin, na rage ladana ban faɗa ba.
Ta ƙirga takardun sau biyu da yawu a yatsa.
Zumunci a ƙafa yake, haka muka ji,
to ga ƙafar, ga hanyar shimfiɗe,
ga ƙofar kan iyaka an garƙame ta a bana,
sai an ara wa tsohuwa fiffike.

Bayan sati biyar ta dawo,
wannan karon hutu bayan taki biyu.

Ta ce, da jirgin ya karkata zai sauka
na manna goshina a taga,
na ga fitilu can gabas, jere kamar tsakiya.
Na ce wa na kusa da ni, garinmu ne.
Ya ce wanne?
Na rasa amsa.

Turmin fa? na tambaya.

Ta sake kwance gyalen.
Wani faranti ne na tagulla, cike da halwa.
Nighat ta ce ba a mayar da kwano wayam,
kuma farantin aro ne, tana son abinta.

Ta zauna, ta gyara tabarau.
Duba min, ɗana,
nawa ne nisan yanzu?