Harsashi Ɗaya

Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar gari
a wannan lungu na tsaunukan Pennsylvania.
Na shimfiɗa tsohon tawul a teburin kicin,
na jera harsasai uku, kowane da alkawarin da ya zo da shi.
Ga bindigar Baba a jingine, mai cin albarushi ta baki,
wadda ba ta san "bari in ƙara" ba:
in ta yi magana, to ta yi, sau ɗaya.

Na farko dunƙulen dalma ne, Baba ya zuba shi da kansa
tun hannunsa bai fara rawa ba,
a tukunyar da Mama ta yi wa Allah wadai.
Akan naɗe shi da ƙyalle mai maiƙo, a danna da sanda.
Ba ya son nisa. Taku hamsin, sittin in an matsa masa,
sai ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa yawan kaya.

Na biyu dogo ne, mai nauyi, mai ƙoƙon gindi.
Delbert Kautz mai shago ya rantse mini a kansa,
ya ce ko kafaɗa ya samu sai ya fasa ya wuce.
Bai faɗa mini tawa kafaɗar ma za ta ji a jikinta ba.
Kwana uku ina ɗaga kofi da hagu, da ƙyar da wuya.

Na uku jan ƙarfe ne cikin 'yar rigar roba.
Marnie ce ta kawo daga makaranta, da labarin gaggafa
da aka tsinta a bakin rafi, fukafukai a sake,
ta ci kayan cikin da wani maharbi ya bari
da ɓurɓushin dalma a ciki.
Ta ajiye kwalin a gabana, ba ta ce komai ba,
kallon ya ishe ni jin kunya.

Ranar Asabar muka kai su ramin tsakuwa.
Jan ƙarfen da na so ya ci,
shi ne ya shiga takarda a kaikaice, yana tuntsure,
rami a nan, rami a can, ɗaya ma ko allon bai gani ba.
Baba na cikin mota, bargo a gwiwa, ya sauke gilashi:
"Murɗin cikin bututun nan a hankali yake tafiya, Lorna,
ba ya iya juya dogon harsashi.
Ke tambaya ce taki. Amsa ta bindiga ce, kuma ba ta ƙarya."

Dunƙulensa uku, tafin hannuna ya rufe ramukansu.

A hanyar gida ya ba ni labarin da bai taɓa bayarwa ba:
wata barewa, taku ɗari, yana saurayi mai ji da kansa,
kwana biyu yana bin ɗigon jini a kan fari
har jinin ya ƙare, sawun bai ƙare ba.
Ya yi shiru. Na rage wuta a kan gangara,
ban ko kalle shi ba, na bar masa hanya.

Dalma na ɗauka. Na yi wa Marnie alkawarin shebur:
abin da na fitar daga ciki, ƙasa za ta ci, ba tsuntsu ba.

Da hantsi kishimi ya fito daga cikin itatuwa,
ƙaho kamar an ɗora masa reshe, numfashinsa na hayaƙi.
Na ƙirga a zuci. Tamanin. Tamanin da biyar.
Yatsana ya ce yanzu.
Dunƙulen da ke kwance a ƙyallensa ya ce ba da ni ba.
Gani ba ci ba ne. Ya kaɗa farar wutsiya,
ya ba ni baya.

Da magariba na juye ta a wani ruɓaɓɓen kututture,
hayaƙi ya tsaya tsakanin itatuwa ya ƙi tafiya.
Baba ya ji ƙarar daga baranda.
"Nama?" ya ce. Na ce, "Kututture."
Ya miƙo mini wani dunƙulen daga aljihunsa,
da ɗumin jikinsa, yana dariya.